Littafin aikin neman linzamin da ya dace da Akawali

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta yadda aikin sauya wa dokina linzami yake tafiya, da abin da aka kashe, da abin da ya ƙi. Dokin akawali ne, wato baƙin doki, ingarma ɗan shekara shida, wanda aka sayo mini a kasuwar Maigatari a ƙarshen damina, kuma taƙamarsa ce ta sa na biya kuɗinsa ba tare da dogon ciniki ba. Idan hankalinsa a kwance yake, kofatansa huɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙafar baya ta hagu, ta gaba ta hagu, sannan ta baya ta dama, ta gaba ta dama, sautin yana fita daidai wa daida kamar luguden mata huɗu a turmi guda, mahayi kuwa yana zaune a sirdi ba girgiza.

Matsalar tana wajen kansa. Da zarar an taɓa kamazuru, wato igiyar linzami da mahayi yake riƙewa, sai ya ɗaga hanci sama, ya wangale baki, ƙasan wuyansa ya kumburo, gadon bayansa ya lotsa, nan take taƙamar ta watse ta koma tafiyar raƙumi, inda ƙafafun gefe guda suke tashi tare su sauka tare, mahayi yana rangaji dama da hagu. 'Yan kallo a bakin hanya suna yaba wannan ɗaga kai, suna cewa doki ne mai zafi, amma wanda yake kan sirdi ya san dokin gudun ƙarfe yake yi.

Linzamin da ya zo da shi irin namu ne na gargajiya: akwai harshen ƙarfe a tsakiya wanda yake miƙewa zuwa ganɗa, akwai zoben da ya kewaye muƙamuƙin ƙasa, sannan ƙafafunsa da ake ɗaura kamazuru sun kai santimita 15. Idan an ja, harshen ya daki ganɗa, zoben kuma ya matse haɓa a lokaci guda. Ba na raina wannan linzami, domin an ƙera shi ne don mai riƙe da mashi ko takobi a hannu ɗaya, wanda yake bukatar doki ya yi zamiya daga cikin sukuwa, kuma a hannun gwani da ƙyar ake taɓa shi. Sai dai ni tafiya mai nisa nake yi, ba jafi ba. Abin da nake nema shi ne ƙeyarsa ta zama ita ce mafi tsayi a jikinsa, wuyan ya lanƙwasa tun daga gindi, fuskar ta ɗan karkata gaba kaɗan, baki a rufe.

Talata, 5 ga Nuwamba

Baba, dattijon da yake kula mini da barga, wanda ya yi ƙuruciyarsa a bargar wani hakimi, ya ce kada a sayi komai sai an duba bakin. Ya kama harshen dokin ya jawo shi gefe, na haska fitilar waya. A kan dasashin ƙasa, a filin nan da ba haƙora tsakanin haƙoran gaba da turame, inda ƙarfe yake zama, akwai tsohon tabo mai kauri a gefen dama, a ganɗa kuma akwai wuri ja da bai gama warkewa ba. Cikin kumatun ma akwai 'yan yanke-yanke a jere. Baba ya ƙara da cewa ya daɗe yana ganin dunƙulen harawa da aka tauna aka zubar a ƙasan komin abinci, da ƙwayar dawa ɗungurungum a cikin kashinsa. Ya ce, "Alhaji, wannan aikin likita ne, ba na maƙeri ba tukuna."

Mun auna faɗin bakin da sumul ɗin kara, muka sa shi inda linzami yake zama, muka yi alama a bakin leɓe kowane gefe. Ya ba mu santimita 11. Tun da ana son a bar kusan rabin santimita a kowane gefe, linzamin santimita 12 ne nasa. Harshensa yana da kauri, ganɗarsa kuma ba ta da zurfi, wato wurin da ya rage wa ƙarfe a bakin nan kaɗan ne ƙwarai. Na cire tsohon linzamin na rataye shi a ɗaki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Likitan dabbobi ya zo da hantsi. Ya yi wa dokin allurar da ta sanyaya masa jiki, ya sa masa ƙarfen buɗe baki, sannan ya ce in zura hannu in shafa gefen turamen sama. Kaifinsu ya kusa yanka mini yatsa. Ya bayyana mini cewa muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoran kuma suna ci gaba da fitowa tsawon shekaru suna cin juna wajen tauna, shi ya sa turamen sama suke yin kaifi ta gefen kumatu, na ƙasa kuma ta gefen harshe. Duk lokacin da igiyar kai ko zoben linzami ya danna kumatu, sai fatar ciki ta gogu da wannan kaifi, dokin ya fizge kai. Ya goge su da dogon magagari har suka yi laushi a hannu.

Ya kuma sami wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turmin farko na sama, gefen dama, irin wanda ba kowane doki yake da shi ba kuma ba ya aikin tauna. Wannan yana girgiɗi, kuma yana daidai inda ƙarfe zai buge shi idan dokin ya sunkuyar da kai. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa yake ƙin saukar da hanci, domin duk sanda ya gwada sai ya gamu da zafi. An cire haƙorin, aka yi masa allurar rigakafin tetanus, likita ya ce kada ƙarfe ya shiga bakinsa har mako biyu. Kuɗin aiki da magani da na mota sun kama naira 40,000.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ana ba shi dusa jiƙaƙƙiya da harawa mai laushi, ana wanke masa baki da ruwan gishiri safe da yamma. Ba a hau shi ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ramin haƙorin ya fara cikowa. Dunƙulen harawa ya ragu a ƙasa. An ja shi da ragama zuwa bakin gona aka dawo.

Talata, 19 ga Nuwamba

Yau na hau shi da ragama kawai, an ɗaura igiya a gefe biyu na hancin, a fili mai yashi bayan gari inda ba babura. Da farko ya riƙe kai sama yana jiran bugun da ya saba, kunnuwansa a baya. Bayan mun ɗan yi nisa sai ya ja dogon numfashi, ya miƙa wuya ƙasa, na ji bayansa ya cika a ƙarƙashin sirdi, taƙamar ta dawo da sautinta huɗu, kansa yana ɗan kaɗawa sama da ƙasa tare da takunsa. Wannan kaɗawa alama ce mai kyau, kuma duk linzamin da zai hana ta bai dace da shi ba.

Abin da na gani yau ya yi daidai da abin da masu dawakin taƙama na wasu ƙasashe suka daɗe da sani, irin masu dokin Tenesi a Amurka da masu dawakin Aisilan: idan kai ya yi sama baya ya lotsa, doki yana karkata ga tafiyar raƙumi, idan kuma aka dunƙule wuya da baya fiye da kima, sai ya karkata ga sassarfa. Taƙama tana tsakanin biyun, kuma filinta ba shi da faɗi. Ita kanta baiwar a jini take. A 2012 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun gano cewa wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna DMRT3 shi ne yake ba doki damar irin wannan taku. Saboda haka ba na sa ran wani ƙarfe ya koya wa Akawali abin da aka haife shi da shi. Ina so ne kawai ƙarfen ya daina ɓata masa. Ragama kuwa ba za ta wadatar ba, domin ingarma ne, kuma da ya hango goɗiya daga nesa sai da na nannaɗe igiya a hannu kafin ya tsaya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Wani mai kula da dawakin ƙwallon dawaki a nan Kano ya ara mini linzamin Turawa mai zobe biyu da gaɓa ɗaya a tsakiya, wanda ba shi da ƙafafu, ƙarfin da hannu ya ja shi ne yake isa baki ba ƙari. Kowa ya ce mini shi ne mafi sauƙi, kuma a bakin dawaki da yawa haka ne. A bakin nawa dokin abin ya zama akasi. Faɗinsa santimita 14 ne, domin kan dawakinsu ya fi na namu girma, don haka ya yi ta zamewa daga wannan gefe zuwa wancan, gaɓar kuma ta rataya ƙasa tana bugun harshe. Da na ja igiya biyu tare sai ƙarfen ya naɗe, gefensa biyu suka matse dasashi, tsinin gaɓar ya tashi ya taɓa ganɗa daidai inda tsohon ciwon yake. Dokin ya wangale baki, ya cilla hanci sama fiye da yadda yake yi da na gargajiya, da na sassauta kuma sai ya kwanta a kan ƙarfen da nauyinsa duka ya shiga sassarfa mai jijjiga hanji.

Baba yana tsaye a gefe yana kallo, bai ce uffan ba sai da na sauka. Ya ce, "Alhaji, wancan yana dukansa da gangan, wannan kuma yana dukansa ba da saninsa ba." Na yarda da shi, kuma na ƙara fahimtar cewa sauƙin linzami yana ga yadda ya zauna a bakin da aka sa shi. Doki mai kaurin harshe da ganɗa marar zurfi yana bukatar ƙarfe siriri wanda ba ya naɗewa. Na mayar da aron tare da naira 3,000 na goro.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

An koma ragama. Sai da aka yi tafiya mai ɗan tsawo kafin ya sake yarda ya saukar da kai.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Da aka cire sirdi bayan kilisa na lura da wurare biyu busassu a gadon bayansa, dama da hagu bayan kafaɗa, alhali sauran wurin ya jiƙe da gumi. Da na danna da yatsa sai ya lanƙwashe baya ya ɗaga kai, irin ɗagawar nan da nake ɗora wa linzami laifinta. Itacen sirdin an sassaƙa shi ne don doki mai faɗin baya, nawa kuwa siriri ne, saboda haka gaban sirdin yana nutsewa ya tsuke shi, shimfiɗar ƙasan kuma ta riga ta mutu. Na kai wa baduku, ya farke ta ya sake cusa mata sabuwar auduga, ya ƙara kauri ta gaba, ya bar rami a tsakiya don kada komai ya taɓa ƙashin baya. Ya karɓi naira 15,000, wanda na ga ya yi tsada, amma ɗinkin ya yi kyau. Na kuma matsar da sirdin baya da kusan faɗin yatsu uku domin kafaɗa ta sami wurin motsi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na zagaya wajen masu kayan doki a kasuwar Kurmi. Akwai linzamai masu ado iri-iri, amma kusan duka masu harshe da zobe ne, bambancinsu tsawon harshen da nauyin ƙarfen. Sai na wuce wajen wani maƙeri da Baba ya sani, na zana masa abin da nake so a takarda da ma'auninsa. Ƙarfen baki ya zama guda ɗaya ba gaɓa, faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 12, a ɗan gantsare shi gaba yadda zai bi tudun harshe ya raba nauyi a kansa, ba tare da wani abu ya tashi zuwa ganɗa ba. Ƙafafun su zama santimita 7 daga ƙarfen baki zuwa zoben kamazuru, da santimita 3 da rabi daga ƙarfen baki zuwa inda ake ɗaura igiyar kai, wato ƙarfin hannu ba zai ninka da yawa ba, a kuma karkata su baya domin dokin ya ji motsin igiya kafin matsi ya iso. A madadin zoben muƙamuƙi, a bar ƙananan huda biyu da za a ɗaura lallausar fata a ƙarƙashin haɓa.

Maƙerin ya juya takardar ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba zai tsai da jaki ba." Na ce masa ya ƙera tukuna. Na zaɓi baƙin ƙarfe, ba irin mai ƙyallin nan da ba ya tsatsa ba, domin 'yar tsatsar da baƙin ƙarfe yake yi tana sa doki ya riƙa motsa baki yana tara yawu, baki mai danshi kuwa ya fi karɓar ƙarfe. Na ce a dasa 'yan layukan jan ƙarfe uku a tsakiya saboda wannan dalili. Mun daidaita a kan naira 14,000, na ba da rabi.

Talata, 10 ga Disamba

An karɓo linzami jiya, aka gwada yau, kuma ranar ba ta yi daɗi ba. Da farko ya karɓe shi lafiya, yana taunawa a hankali, har farar kumfa ta fito a leɓensa. Muna cikin tafiya sai na ji igiyar ta mutu a hannuna, dokin ya fara kaɗa kai da ƙarfi yana ja da baya. Na sauka na tarar ya haye da harshensa bisa ƙarfen, ƙarfen ya koma yana zaune kai tsaye a kan dasashi, kan tsohon tabon nan. Igiyar kai ta tsohon linzami ce, hudarta ta ƙarshe ma ta bar sabon yana reto ƙasa, har yana kusa da taɓa fiƙa. Bayan wannan, a gefen hagu inda aka haɗa ƙarfen baki da ƙafa akwai ɗan kaifin walda da ido ba ya gani sai farce ya ji shi, ya yanki dokin a kusurwar leɓe, ga shi hunturu ya riga ya busar da fatar wurin tana neman tsagewa.

Na mayar wa maƙeri da yamma. Ya goge mahaɗin da magagari, ya bi da takardar yashi, na shafa shi a bayan hannuna kafin na karɓa. Bai karɓi ko kwabo ba. Baduku ya ƙara huda uku a igiyar kai, ya yanka fatar haɓa mai faɗin yatsa biyu daga jemammiyar fatar akuya ya ninka ta, duka naira 4,000. An sayo man kaɗanya na naira 1,000 don leɓen. Za a dakata da ƙarfe har yankan ya rufe.

Asabar, 14 ga Disamba

Ragama da man kaɗanya. Busassun wuraren nan na baya sun ɓace, gumi yana fita bai ɗaya.

Laraba, 18 ga Disamba

Leɓe ya warke. An ɗaga linzamin huda biyu, ya zauna yana taɓa kusurwar baki da 'yar tattara guda ɗaya, harshe kuma bai sake hayewa ba. Fatar haɓa mun ɗaura ta yadda yatsu biyu suke shiga, ba ta kama sai ƙafafun linzamin sun juya kusan digiri 45. Da sanyin asuba ina dumama ƙarfen a tafin hannu kafin in sa masa, domin na ga yana ƙin buɗe baki idan ya ji shi da sanyi. Yaron barga ya ɗauke mu bidiyo daga gefe a kan hanya mai tauri, na saurara da kyau, taku huɗu ne, sai dai na biyu yana ɗan manne wa na farko idan na nemi sauri. Hancin ya sauko, bakin a rufe, ƙeya a sama. Abin da ya fi aiki shi ne in matsa shi da ƙafa tukuna, in rufe yatsu a hankali, da ya sassauta muƙamuƙi in saki nan take.

Lahadi, 22 ga Disamba

An sami koma baya. Ɗan yayana ya zo hutu, ya roƙi Baba ya bar shi ya ɗan zaga da dokin ba na nan, suka haɗu da samari masu kilisa, aka yi ta sukuwa ana fizgar kai don a yi zamiya. Sabon linzamin ba a yi shi don haka ba, saboda haka yaron ya yi ta ja da ƙarfinsa duka. Na dawo na tarar da fatar haɓa ta miƙe ta saki, gashin wurin ya goge, dasashin dama ya yi ja. Da na hau shi da yamma, ko igiya ban ɗauka ba ya riga ya ɗaga kai, tafiyar raƙumi ta dawo cikakkiya. Na yi wa yaron magana a gaban mahaifinsa, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri," na kuma gaya wa Baba cewa daga yau ba mai hawan dokin nan sai ni da shi. Baba ya so a mayar da na gargajiya na ɗan lokaci don dokin ya dawo hayyacinsa, ni kuwa ban yarda ba, domin tsoron ƙarfe ne ciwon, ƙarin ƙarfe ba zai yi maganinsa ba.

Lahadi, 29 ga Disamba

Mako na tafiya a hankali kawai, igiya a sake, da yawan juyawa dama da hagu a kewayen bishiyoyi, da hawa da sauka a gangaren rafi. Ya fara neman ƙarfen da kansa. An taƙaita fatar haɓa huda ɗaya.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau naira 77,000 ne, kuma fiye da kashi biyu cikin uku sun tafi ne a kan haƙora da sirdi, linzamin kansa da gyaran igiyoyinsa naira 18,000 kawai suka ci. A tafiya matsakaiciya kan Akawali yana zama inda nake so, taƙamar kuma tana riƙe sautinta na tsawon hanya. Inda ya rage shi ne wajen sauri da wajen tsayawa: idan na nemi ya ƙara, har yanzu yana ɗaga hanci ya karkata ga tafiyar raƙumi, idan kuma wasu dawakai suna kusa yakan taurare muƙamuƙin dama, gefen tsohon tabon. Naman saman wuyansa bai ginu ba tukuna, na ƙasan ne yake da kauri saboda shekarun da ya yi yana tokare ƙarfe, kuma wannan aikin watanni ne.

A wata mai zuwa zan jera sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakewa a tafiya, domin hakan yana raba takun gefe guda ya kuma sa shi duba ƙasa, zan kuma riƙa kai shi cikin yashi mai zurfi da hawan tudu, inda tafiyar raƙumi take yi masa wuya. Na yi magana da maƙeri ya ƙara wani zobe a daidai ƙarfen baki, yadda zan iya ɗaura kamazuru a can in yi aikin juyawa ba tare da ƙafafun linzamin sun shiga ba, ya ce naira 5,000 ne kuma a kawo masa ranar Laraba. Likita zai dawo duba turame a watan Mayu.